Warin Razin a Jirgin Ruwa na Faiba: Dalilinsa da Yadda Ake Magance Shi

Ana ƙera jirgin faiba ne da zaren gilashi da wani ƙaro mai ruwa-ruwa da ake kira razin. Warin da ake ji a sabon jirgi na sinadarin sitirin ne, wanda ya kai kimanin kashi 30 zuwa 45 cikin 100 na ɗanyen razin. Bayan ƙaron ya daskare, ragowar sinadarin kan ci gaba da fita a hankali.

Tururin sitirin ya fi iska nauyi fiye da sau 3, don haka yakan taru a gindin jirgi da cikin akwatunan da ke ƙarƙashin kujeru. Yana kawo ciwon kai, jiri da zafin ido, kuma yana kama wuta. A shekarar 2018 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi cikin sinadaran da mai yiwuwa suna haddasa cutar.

Babban magani shi ne iska da zafi. A fito da jirgin kan tudu, a buɗe dukkan murafe, a bar shi a rana na wasu kwanaki, domin zafi yana ƙarasa daskarar da ƙaron. Daga nan a wanke ciki da ruwan ɗumi da sabulu, a bari ya bushe sarai. Turare ɓoye warin kawai yake yi. Masunta su guji zuba kifi kai tsaye a sabon jirgi, saboda yakan ɗauki warin ya rasa kasuwa.

Idan jikin jirgin yana danƙo a hannu, yana iya zama alamar ba a haɗa razin da maganin daskarewa daidai ba, wanda yawanci kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ne. Wanki ba ya gyara wannan. Sai maƙerin ya kankare wurin ya sake shafawa. Ana shawartar jami'an ƙananan hukumomi da sarakunan ruwa su duba hakan kafin su sa hannu a takardar karɓar jirgi.

A tsohon jirgi kuwa, wari mai tsami tare da ƙuraje a ƙasan jikinsa yana nuna ruwa ya ratsa faibar. Idan warin na fetur ne, kada a tayar da inji sai an gano inda yake yoyo.