Ina Saƙon Imel Yake Kwana?

Da yawa daga cikin saƙonnin imel da ake cewa sun ɓata, ko takardar kwangila ce ko amsar neman aiki, suna nan a ajiye a inda mai su bai leƙa ba. Musabbabin haka yana cikin tarihin imel ɗin kansa, domin kowane zamani ya zaɓi nasa wurin ajiya.

A shekarun 1970, a kwamfutocin Unix, mutum kan rubuta umarnin mail ya karanta wasiƙunsa. Idan ya fita, shirin kan kwashe waɗanda aka karanta ya mayar da su wani fayil mai suna mbox. Har yau wanda bai san wannan ɗabi'a ba kan buɗe akwatinsa ya tarar da shi fayau.

A 1984 aka fito da tsarin POP, sannan POP3 a 1988. Aikinsa shi ne sauko da saƙo daga uwar garke, wato babbar kwamfutar da ke karɓar wasiƙu, zuwa na'urar mutum, kuma bisa al'ada a goge shi daga can. Wannan ya dace da lokacin da wurin ajiya ke da tsada, kowa kuma kwamfuta ɗaya gare shi. Amma duk saƙon da kwamfutar ofis ta sauko da shi ta wannan hanya, ba za a gan shi a gida ba.

Mark Crispin na Jami'ar Stanford ya ƙirƙiro IMAP a 1986 da wani tunani dabam: saƙo ya zauna a uwar garke, kowace na'ura ta leƙa shi daga nesa. Shirye-shiryen da ake sarrafawa da rubutaccen umarni, irin su Pine da Mutt, sun iya aiki da shi. Sai Hotmail ya zo a 1996 ya mayar da karanta wasiƙa cikin shafin intanet.

Gmail, a 2004, ya sake sauya lissafi. Ya maye gurbin jakunkuna da lakabi, kuma maɓallin Archive yana cire saƙo daga akwatin shigowa ba tare da goge shi ba. Da kamfanin ya buɗe ƙofar IMAP a 2007, shirye-shirye kamar Mutt suka riƙa nuna kowane lakabi a matsayin jaka, saƙon da ba shi da lakabi kuwa sai a All Mail ake samunsa.

Saboda haka, mai neman saƙo ya fara tambayar kansa wace na'ura ce ta taɓa shi da farko, kuma da wane tsari. Ya duba All Mail, da mbox, da tsohuwar kwamfutar da ke kan POP. Ya kuma hanzarta duba kwandon shara da jakar Spam, domin a Gmail abin da ya kwana 30 a cikinsu gogewa ake yi har abada.