Tarihin 'Yan Wasan Japan a Gasar Olamfik ta Bazara da ta Hunturu

Japan ta fara shiga gasar Olamfik a shekarar 1912 a birnin Stockholm na ƙasar Suwidin da 'yan wasa biyu kacal: Mishima Yahiko mai gudun gajeren zango, da Kanakuri Shiso mai gudun fanfalaki. Hannu rabbana suka koma gida, Kanakuri ma zafin rana ne ya galabaitar da shi bai kai ƙarshen gudun ba. A gasar Faris ta 2024 kuwa ƙasar ta kwashi lambobi 45, ashirin daga cikinsu na zinare, ta zo ta uku bayan Amurka da Sin. Abin da ya cike wannan tazara shi ne wuraren da ake rainon ɗan wasa, wato makaranta da jami'a da kamfani, daga baya kuma cibiyoyin gwamnati. Duk lokacin da waɗannan suka tsaya da ƙafafunsu lambobi sun zo, da suka yi rauni kuma suka ƙafe.

Malamin makaranta ne ya buɗe ƙofar. Kano Jigoro, wanda ya kafa wasan judo a 1882, shi ne shugaban babbar kwalejin horar da malamai ta Tokyo, kuma ɗan Asiya na farko da ya zauna a Kwamitin Olamfik na Duniya, a 1909. Kanakuri ɗalibin kwalejin ne. Bayan abin da ya same shi a Stockholm, da shi aka kafa gudun karɓa-karɓa na Hakone tsakanin jami'o'i a 1920, wanda har yau ake yinsa a ranakun 2 da 3 ga Janairu. Oda Mikio, wanda ya ciwo wa ƙasar zinarenta na farko a tsallen taki uku a Amsterdam a 1928, ɗalibin Jami'ar Waseda ne. A Los Angeles a 1932 mazan Japan sun lashe biyar cikin wasannin ninƙaya shida, kuma Kitamura Kusuo da ya ci na mita 1,500 yaro ne ɗan shekara 14. Tarihin wannan zamani yana da tabo: zinaren fanfalaki na Balin a 1936 Sohn Kee-chung ne ya ci shi, ɗan Koriya da mulkin mallaka ya tilasta wa gudu ƙarƙashin tutar Japan. Yaƙi da Sin ya sa ƙasar ta saki baƙuncin gasannin 1940, a 1948 kuma ba a gayyace ta ba.

Bayan yaƙi kamfanoni suka ɗauki nauyin. Sukan ɗauki ɗan wasa aiki, su ba shi albashi da masauki da filin atisaye. Matan da suka doke Tarayyar Sobiyet a wasan ƙarshe na ƙwallon raga a Tokyo a 1964, galibinsu ma'aikatan masaƙar Nichibo ne da ke Kaizuka kusa da Osaka. Su yi aiki da safe, su shiga atisaye har cikin dare a hannun kocinsu Daimatsu Hirobumi. A gasar nan Japan ta ci zinare 16. Jami'o'i kuma suka riƙe wasan alkafura, inda tawagar maza ta lashe zinare sau biyar a jere daga 1960 zuwa 1976. Sai dai tsarin ya kasa gogayya da ƙasashen da gwamnati ke zuba wa wasanni kuɗi, tattalin arziki kuma ya karye a shekarun 1990, kamfanoni da dama suka rushe ƙungiyoyinsu. Zinare huɗu aka samu a Seoul a 1988, uku a 1992, uku a Atlanta a 1996, na Atlanta ɗin duk a judo. Gwamnati ta buɗe cibiyar nazarin kimiyyar wasanni a Tokyo a 2001 da cibiyar atisaye ta ƙasa a 2008, kuma tun a Atina a 2004 zinare ya koma 16.

Wasu na cewa albarkar gida ce kawai, tunda ƙasar ta karɓi baƙuncin gasa sau huɗu, kuma zinare 27 da ta fi tarawa a Tokyo aka ci su a 2021. Maganar tana da ƙamshin gaskiya a wasannin hunturu na farko. A Sapporo a 1972 Kasaya Yukio da abokansa biyu sun share lambobi ukun tsallen kan ƙanƙara na mita 70, amma iyakar abin da ƙasar ta samu ke nan, ba ta sake ganin zinaren hunturu ba sai 1992. Bayan lambobi 10 na Nagano a 1998, ɗaya tak Arakawa Shizuka ta ciwo a Turin a 2006. Amma lambobi 13 na Pyeongchang a 2018 da 18 na Beijin a 2022 duk a waje aka ci su, sun kuma zarce na Nagano. Masu cewa judo ne ke ɗaga ƙasar su ma su duba Faris: uku ne kawai na judo cikin zinare ashirin, takwas na kokawa ne, ga kuma na jifan mashi da Kitaguchi Haruka ta ci.

Sukar da ta fi nauyi ita ce ta abin da tsarin ke ci a jikin 'yan wasa, kuma a ganina babu adadin lambobin da zai wanke ta. Biyayya ga koci da ta haifar da nasarar masaƙar Kaizuka ita ce ta rufe bakin matasa a kan duka da wulaƙanci shekara da shekaru. Tsuburaya Kokichi, wanda ya ci tagulla a fanfalakin 1964, ya kashe kansa a 1968 yana ɗan shekara 27, ga rauni a jiki ga nauyin fatan da aka ɗora masa. A farkon 2013 aka bayyana cewa 'yan wasan judo mata goma sha biyar sun kai ƙarar babban kocinsu gaban Kwamitin Olamfik na Japan kan duka da cin zarafi. Kocin ya ajiye aiki, kafin shekarar ta ƙare kuma shugaban hukumar judo ta ƙasar shi ma ya sauka.