Doka Mai Lamba 34 da Yadda Iko Ya Ƙaura Zuwa Tsakiya

Masana kan kasa tsarin mulki gida uku dangane da rabon iko. Akwai mulkin bai ɗaya, inda gwamnatin tsakiya ke riƙe da komai, ta sam wa yankuna abin da ta ga dama, kamar yadda Nijar ta gada daga Faransa. Akwai tarayya, inda kundin tsarin mulki ke yanka wa kowane ɓangare hurumin da ɗayan ba zai ƙwace ba. Sai kuma ƙawance, inda yankuna ke da ƙarfi, tsakiya ta zama wakiliyarsu kawai. Tsakanin Mayun 1966 da Mayun 1967 Nijeriya ta leƙa dukkan gidajen nan uku.

Tarayyar da tsarin mulkin Lyttelton ya kafa a 1954 mai ƙarfafa yankuna ce. Bayan samun ƴanci a 1960, Arewa da Yamma da Gabas kowace na da kundinta, da firimiyanta, da ma'aikatanta. Kowace na da hukumar cinikin amfanin gona da ke tara mata kuɗi daga gyaɗa da auduga, ko koko, ko manja. Rabin kuɗin haƙar ma'adinai na komawa yankin da aka haƙo su. A Arewa, En'e-En'e na da ƴan dokarsu da kotunansu da gidajen yarinsu. Zaɓin da Sardauna Ahmadu Bello ya yi ya isa shaida: shi ne shugaban jam'iyyar NPC, amma ya zauna a Kaduna a matsayin Firimiya, ya bar wa mataimakinsa Abubakar Tafawa Ɓalewa kujerar Firayim Minista a Ikko.

Juyin mulkin 15 ga Janairun 1966 ya ci rayukan su biyun, mulki ya faɗa hannun Manjo Janar Aguiyi-Ironsi. Ran 24 ga Mayu ya fitar da Doka Mai Lamba 34, wadda ta soke tarayya, ta mai da yankuna rukunonin larduna, ta kuma haɗe ma'aikatan gwamnati wuri guda. Hujjarsa ita ce ɓangaranci ne ya kashe jamhuriya ta farko. A Arewa kuwa an fahimci abin daban. Yankin na baya a ilimin boko, kuma hurumin ɗaukar ma'aikatansa shi ne garkuwarsa. Haɗe ma'aikata, a ganin mutane da yawa, miƙa ofisoshin Kaduna ne ga ƴan Kudu. Kwanaki kaɗan bayan haka tarzoma ta ɓarke a Kano da Zariya da wasu birane, ana kiran a raba, aka kashe Ibo da dama. Ran 29 ga Yuli sojoji ƴan Arewa suka kashe Ironsi a Badun. Yakubu Gowon ya hau, kuma wata guda bayan hawansa ya soke dokar.

Daga nan aka karkata zuwa ɗaya ƙarshen. A taron Aburi da ke Gana, a Janairun 1967, gwamnan Gabas Odumegwu Ojukwu ya nemi a sassauta ɗaurin ƙasar har ta kusa zama ƙawance. An sa hannu, amma da aka dawo gida kowa ya fassara yarjejeniyar yadda ta yi masa daɗi. Ran 27 ga Mayu Gowon ya rusa yankuna huɗu ya ƙirƙiro jihohi 12. Bayan kwana uku Ojukwu ya ayyana Biyafara, aka shiga yaƙin da bai ƙare ba sai Janairun 1970.

Abin lura shi ne, yawancin abin da Ironsi ya nema da doka guda, an same shi daga baya da kaɗan-kaɗan, sunan tarayya na nan daram. Hanya ta farko ita ce yawaita jihohi: 19 a 1976, 21 a 1987, 30 a 1991, 36 a 1996. Ƙananan ƙabilu sun samu abin da suka daɗe suna nema, sai dai babu jihar da ke da nauyin tsohuwar Jihar Arewa da za ta iya ja da tsakiya. Ta biyu ita ce bakin aljihu. Dokar man fetur ta 1969 ta damƙa mallakar mai ga gwamnatin tarayya, kason yankin da ake haƙowa ya yi ta raguwa, har kundin 1999 ya tsayar da shi a kan aƙalla kashi 13 cikin ɗari. Ta uku ita ce tsaro: an narkar da ƴan doka cikin rundunar ƴan sandan Nijeriya, sashe na 214 na kundin 1999 kuma ya hana kafa wata rundunar. Ko Jami'ar Ahmadu Bello, da gwamnatin Arewa ta kafa a 1962, ta koma hannun tarayya a 1975.

Sakamakon haka shi ne gwamnan da ake kira shugaban tsaron jiharsa alhali kwamishinan ƴan sanda na karɓar umarni daga Abuja, da jihohin da ke jiran rabon wata kafin su biya albashi. Gyaran da aka yi wa kundin a 2023, wanda ya ba jihohi dama a harkar lantarki da jirgin ƙasa da gidajen gyaran hali, ya nuna cewa iko na iya komawa ƙasa. Amma masu kiran a sake fasalin ƙasa, da masu tsoronsa, ya kamata su tuna da 1966. A wancan lokaci Arewa ce ta fi kowa kishin hurumin yankuna, domin tana da gyaɗar da take sayarwa da harajin da take tarawa. Duk jihar da ke neman a mayar mata da iko yau, sai ta fara amsa tambayar da Kaduna ba ta sha wahalar amsawa ba a zamanin Sardauna: da wane kuɗi za ta riƙe shi?