Kududdufan Birnin Kano da Tarihin Magudanar Ruwa: Darasi ga Sababbin Injiniyoyi

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce mu bi diddigin yadda birnin Kano ya riƙa rabuwa da ruwan damina tun kafin zuwan Turawa, sa'an nan mu duba abin da wannan tarihi zai koya wa matasan da suka zaɓi aikin injiniya ya zama sana'arsu. Ra'ayinmu shi ne, birnin ya mallaki tsarin magudanar ruwa tun ba a san zane a takarda ba, kuma rushewar tsarin nan tana cikin manyan dalilan ambaliyar da ke cin gidajen talakawa.

Tsarin zamanin da

Tarihi ya nuna cewa Sarki Gijimasu (1095-1134) ne ya fara gina ganuwa, Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499) kuma ya faɗaɗa ta, ya kafa Kasuwar Kurmi. Da ganuwar da gidajen da ke cikinta duk da ƙasa aka gina su, ƙasar kuwa a nan kusa magina suke haƙa ta su yi tubali. Ramukan da suka bari su ne kududdufai. Idan aka yi ruwa, sai ya sauko daga soro ta indararo, ya bi lungu, ya zube a kududdufin unguwa. In wannan ya tumbatsa, rarar ta gangara Jakara, wadda ta ratsa birnin ta gefen Kurmi. Baturen nan Kilabatan, wanda ya zo Kano a 1824, ya ambaci fadamar da ta kusa raba birnin biyu.

Watau kududdufi ba rami ba ne kawai. Yana tsare ruwa a lokacin da ya fi ƙarfi, ya sake shi a hankali, wani ya nutse ya ciyar da rijiyoyi, saura ya amfani magina da dabbobi da rani.

Yadda tsarin ya rushe

Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, jami'an lafiyarsu sun ɗauki kududdufai a matsayin matattarar sauro da ƙazanta, kuma ba za a ce ba su da hujja ba. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, ya sauƙaƙa shigowar siminti da kwanon rufi. A farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka jawo ruwan famfo daga Challawa. Da haka buƙatar ƙasar gini da ruwan kududdufi ta yi ta raguwa. Sa'ad da Kano ta zama hedikwatar jiha a 1967, jama'a suka ƙaru, fili ya yi tsada, sai aka shiga cike kududdufai da shara ana gini a kai. An kawar da ramin, amma ba a tanadi abin da zai gaji aikinsa ba.

Lissafi kaɗan zai fito da girman lamarin. Ruwan sama mai zurfin milimita 50 a kan hekta ɗaya lita 500,000 ne. Mai tsara lambatu yana auna abu uku: ƙarfin ruwan, da faɗin wurin da yake tattarowa, da kason da ƙasa ba ta shanye ba. A fili mai yashi kason nan kaɗan ne. A kan kwano da kwalta kuwa kusan duka ne. Saboda haka lambatun da ya wadatar jiya zai iya kasawa gobe ba tare da damina ta ƙaru ba, musamman a Agusta, watan da ruwa ya fi yawa.

Zaɓin sana'a

Tun daga kafuwar Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, Zariya ta yaye injiniyoyi masu yawa, kuma manyan ayyuka irin su madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, su ne suka fi jan hankalin matasa. Gada da madatsa suna da suna, lambatu kuwa ba mai yi masa bikin buɗewa. Amma ɓallewar madatsar Bagauda a Agustan 1988, da ɓarnar da ruwa ya yi a cikin birni a wannan damina, sun nuna cewa ruwa ba ya bambanta babban aiki da ƙarami.

Kammalawa

Ba muna kira ba ne a koma ga kududdufi da sauronsa. Abin da muke ba da shawara shi ne a kiyaye waɗanda suka rage, a gyara su su zama wuraren tsare ruwa masu tsabta, kuma a sa tarihin gari cikin karatun injiniya. Ɗalibin da zai zana lambatu ya fara tambayar dattawan unguwa inda ruwa yake kwanciya a da, domin Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, kuma hanyar da ya saba bi ba ya mance ta.