Muryoyin da Suka Riga Takarda Isa Potiskum

Duk mai son rubuta tarihin ma'aikatan rediyo da talabijin na farko da suka yi tasiri a ƙasar Potiskum, tilas ne ya soma da barin garin, domin kuwa muryoyin da manoma da makiyaya da fataken wannan yanki suka fara sabawa da su daga nesa suke zuwa. Potiskum gari ne na Ngizim da Karekare da Bolewa, kuma tun 1924 ya zama mazaunin Sarkin Fika. Hausa ta shigo ne ta kasuwa da hanyar Kano zuwa Maiduguri, amma a ganina akwatin rediyo ne ya shigar da daidaitacciyarta har cikin ɗaki.

Asalin aikin ya faro ne a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da Turawan mulki suka tura Malam Isa Kaita da Malam Bello Dandago zuwa birnin Ankara na ƙasar Gwalkwas, wato Gana ta yau, don su riƙa karanta labarun yaƙi da Hausa. Daga baya Isa Kaita ya zama ministan ilmi na Jihar Arewa kuma Wazirin Katsina, Bello Dandago kuwa ya zama Sarkin Dawaki Mai Tuta a Kano. Sai dai masu jin su a wancan zamani ba su taka kara sun karya ba. Ko rediyon da aka kafa a Kano a 1944 mai waya ne, akwati ne da ake rataye wa a bango, ba ya wuce inda wayar ta tsaya. Mutumin ƙauye bai shiga lissafi ba.

Abubuwa uku ne suka sauya wannan hali. Ranar 13 ga Maris 1957 Malam Aminu Abdullahi Malumfashi ya gabatar da shirin farko na Sashen Hausa na BBC daga Landan, na minti 15 kacal. A 1962 gwamnatin Sardauna ta buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna. Na ukun, wanda marubuta suka cika mantawa da shi, shi ne ƙaramar rediyo mai aiki da batir, wadda ta yi araha har makiyayi ya iya rataya ta a kafaɗa ya biyo shanunsa zuwa kasuwar Potiskum. Talabijin ɗin Kaduna bai yi nisa ba, saboda hoto ba ya tafiya kamar murya, amma rediyon kan gajeren zango ya ratsa Arewa har ya tsallaka iyaka.

A nan ya kamata mai karatu ya dubi nauyin da ke kan waɗannan bayin Allah. Labari yakan iso da Ingilishi, lokacin karanta shi kuma ba ya jira, ga shi cike da abubuwan da Bahaushe bai taɓa raɗa wa suna ba. Lallai jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939, ta share fage, amma jarida sai mai boko. Kalmomi irin su Majalisar Ɗinkin Duniya da yaƙin cacar baka da jirgi mai saukar ungulu, bakin mai karanta labarai ne ya maimaita su safe da yamma har suka zauna daram a bakin tsohon da bai taɓa riƙe alƙalami ba, wanda kuma Hausar ma ba harshen uwarsa ba ce. Wannan karantarwa ce ba allo ba bulala. Tana da nata farashi, domin yayin da Hausa ke ƙara ƙarfi, Ngizimanci da Bolanci da Karekaranci sai suka koma harsunan cikin gida, ba su da irin wannan lasifika.

Ba labarai kaɗai ba ne. Alhaji Yusuf Ladan, Ɗan Iyan Zazzau, ya yi suna da wasan kwaikwayon rediyo na Zaman Duniya Iyawa Ne. Shirin Zaɓi Sonka ya sa ɗan ƙauye ya ji an ambaci sunansa da na garinsu a Kaduna, abin da ba ƙaramin girma ba ne a lokacin. Sai kuma Usman Baba Pategi, wato Samanja Mazan Fama, Banufe wanda ya yi aikin gidan rediyo ya kuma yi na soja, ya mayar da gurɓatacciyar Hausar bariki abin nishaɗi a rediyo da talabijin. Ya rasu a Nuwamba 2023.

Kusantowar gidajen watsa labarai ta biyo bayan ƙirƙiro jihohi. Maiduguri ta zama hedikwatar Jihar Arewa Maso Gabas a 1967, aka kafa NTA a 1977, gwamnatin tarayya ta karɓe Rediyon Kaduna a 1978, sannan aka yanko Yobe daga Borno ranar 27 ga Agusta 1991, ta kafa nata gidajen rediyo da talabijin a Damaturu.

Abin da ke damun mai nazari shi ne bambancin rabon ɗan jarida da na ɗan rediyo. Malam Adamu Ciroma, haifaffen Potiskum wanda ya yi editan jaridar New Nigerian kafin ya zama gwamnan Babban Bankin Nijeriya a 1975, ya rasu a 2018, amma ɗalibi na iya zuwa ɗakin adana takardu a Kaduna ya buɗe jaridun zamaninsa shafi bayan shafi. Shi kuwa mai karanta labarai, da ya rufe baki aikinsa ya bi iska, faifan da aka naɗa kuma zafi da ƙura ba sa raga masa. Mafi yawan abin da ya saura na waɗannan muryoyi yana kan tsofaffin masu saurare ne, irin waɗanda ke zaman hira a bakin kasuwar shanu, kuma mafi ƙanƙantar waɗanda suka ji buɗe Rediyon Kaduna da wayonsu yanzu ya ba saba'in baya.