Dillalan Takarda na Miami

Wanda duk yake son ganin yadda lissafin ribar gida ke ruɗin mai shi, ya waiwayi birnin Miami na jihar Florida a Amurka, a shekarar 1925. Hadahadar filaye ta yi tashe a lokacin, har jaridar Miami Daily News ta fitar da bugu guda mai shafi 504, cike da tallan filaye da gidaje.

Waɗanda suka fi tsaya mini a rai su ne samarin dillalan da suka cika titin Flagler. Ba ruwansu da biyan kuɗin fili gaba ɗaya. Sai su ajiye kashi 10 cikin ɗari kafin alƙalami, a ba su takarda, a kan za su kawo biya na gaba bayan kwana 30. Kafin wa'adin ya cika sun sayar da takardar, wanda ya saya shi ma ya tura wa wani. Mu ɗauki fili na dala 10,000. Ka ajiye 1,000, farashi ya ɗaga zuwa 11,000, ka sayar, ka ninka kuɗinka. A baki riba ce ɗari bisa ɗari, alhali filin kashi 10 kacal ya ƙaru. Da kashi 10 ɗin ya faɗi, uwar kuɗinka ta tafi ke nan, ga sauran 9,000 a wuyanka. Wasu filayen ma fadama ne, masu su ba su taɓa taka su ba.

Rushewar ba ta ɗauki lokaci ba. Kamfanonin jirgin ƙasa suka dakatar da ɗaukar kayan gini saboda cunkoso. A Janairun 1926 jirgin ruwan Prinz Valdemar ya kife a mashigar tashar Miami, ya toshe ta na makwanni. A Satumba kuma mahaukaciyar guguwa ta ƙarasa abin da ya rage. Tausayina yana kan na ƙarshen layi, wanda takarda ta mutu a hannunsa bayan ya zuba ɗan abin da ya tara.

Masu sayen tsohon gida su gyara su sayar a Amurka ta yau suna da ma'auni na kashi 70. Idan gida zai kai dala 200,000 bayan gyara, kashi 70 shi ne 140,000. A cire kuɗin gyara, a ce 30,000, kada a saye shi sama da 110,000. Ragowar ba riba ce zalla ba. Daga ciki ake biyan la'ada da haraji da kuɗin ruwan banki, da watannin da gida zai yi a kulle yana jiran mai saye. Ni wannan lissafin na fi yarda da shi, domin ya sa lokaci a ciki.

Manya ma sukan yi sake da shi. Kamfanin Zillow ya dogara da ƙiyasin kwamfuta, ya sayi dubban gidaje da tsada, a Nuwambar 2021 ya sanar da rufe sashen sayen gidajen, ya ce zai sallami kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aikatansa.