Ƙiba, Fuka da Ƙananan Halittun Hanji: Duba Daga Karkarar Arewacin Kano

Tsakure

Maƙalar ta nazarci alaƙar ƙiba da ciwon fuka, wato asma, ta fuskar bakteriyar hanji, bisa rayuwar manoman Ɗambatta, Bichi da Makoɗa. Hujjarta ita ce sauyin cima da shan magani barkatai sun fi cancantar bincike a yankin fiye da nauyin jiki shi kaɗai.

Abin da aka sani

Nazarin Beuther da Sutherland na 2007 ya nuna cewa ƙiba tana ƙara yiwuwar kamuwa da fuka da kusan rabi. An daɗe ana ɗora laifin kan teɓa mai takura huhu, sai dai binciken Turnbaugh na 2006 ya buɗe wata ƙofa: da aka ɗura bakteriyar hanjin ɓeraye masu ƙiba cikin ɓerayen da aka raina ba ƙwayar bakteriya a jikinsu, sai suka tara kitse. A Kanada kuma, Arrieta ta gano a 2015 cewa jariran da wasu jinsunan bakteriya huɗu suka yi ƙaranci a hanjinsu cikin watanni ukun farko sun fi fuskantar fuka.

Yanayin Kano

Yankin da Mortimore ya bayyana tun shekarun 1960 ƙasa ce da ake nomawa kowace shekara ba hutu, taki ke riƙe da ita. Awaki da tumaki na ɗaure a turke cikin gida, yaro na rarrafe dab da su. Wannan ya yi kama da Amishawan Amurka, waɗanda binciken 2016 ya samu fuka a kashi 5.2 cikin ɗari na yaransu, alhali ta kai 21.3 a Hutterawa masu noman inji.

Cimar ma abin lura ce. De Filippo ta kwatanta yaran ƙauyen Boulpon na Burkina Faso, masu cin gero da dawa, da yaran birnin Florence a 2010, ta tarar hanjin na ƙauyen cike da Prevotella mai narka ɗusa zuwa sinadaran da ke kwantar da kumburi. Tuwon dawa, miyar kuka, daddawa da fura da nono suna kan wannan layi. Yau kuwa taliyar leda da lemon kwalba sun shiga kasuwannin ƙauye, uwa kuma kan sayo wa jariri Ampiclox a kemis ba takardar likita.

Amma kada a yi saurin kwafo sakamakon Amurka. Hayaƙin itace a madafa da hazon hunturu suna tayar da fuka ko hanji na da lafiya, kuma a nan tsumburewar yara ta fi ƙiba yawa. Saboda haka binciken da ya dace shi ne a bi jarirai tun daga haihuwa, ana auna bayan gidansu da nauyinsu da numfashinsu, a kwatanta gidajen da ke da turke da waɗanda ba su da shi.